Sunan Maigida

Kafin in ci gaba, bari in amsa wa wadda ta rubuto min cewa na fiye tsoro, wai namijin da bai taɓa ɗaga min hannu ba me zai sa ina jin takunsa gabana ya faɗi. 'Yar'uwa, Allah ya sa kada ki taɓa sanin amsar. Akwai mutumin da ba ya duka, ba ya zagi, ko muryarsa ba ta tashi, amma in ya kira sunanki a hankali sai kin ji cikinki ya juya. Irinsa na aura.

Ku kuma da yau kuka fara bina, ga inda muke. Tilo Babana yake kirana, don ni kaɗai Allah ya ba su. A shagon tabarau nake aiki, ni ce mai sa mutum ya rufe ido ɗaya ya karanto haruffan da ke jikin bango. Mijina kuwa Mai Wuta ake ce masa, don wayar lantarki yake ja wa gidaje. Shekara huɗu da aurenmu, wata biyu ke nan da na kai ƙara kotu a raba mu. Tun ranar na kwaso kayana na sauko ɗakin Umma, shi kuma ya ci gaba da zamansa a sama, bayan ya karɓe makullina. Yana sama, muna ƙasa, gida ɗaya. Na san lokacin da yake tashi, na san lokacin da yake jan kujera, na kuma san lokacin da yake tsayawa cak daidai saman kanmu ya daɗe bai motsa ba.

Gidan na Babana ne. Direban babbar mota ne, ɗaki-ɗaki ya gina shi, duk dawowa daga tafiya sai an ƙara wani abu, ko taga, ko ƙofa, ko siminti a tsakar gida. Da ya rasu aka raba gado, 'yan'uwansa suka ɗauki motar da wani fili, gidan ya faɗo mana ni da Umma. Ita kuma ta ce a haɗa kasonta da nawa, ita dai a bar mata ɗakinta da tagar da take kallon bishiyar lemon da Baba ya dasa. Benen kuwa bayan aurenmu aka ɗora shi, Mai Wuta ne ya tsaya a kan aikin. Mataki goma sha bakwai ne, Umma ba ta taɓa taka ko ɗaya ba saboda ciwon gwiwa. A waya na nuna mata hoton falona.

Ranar Litinin Lauya ta kira ni ta ce in zo kafin in wuce aiki. Na sa doguwar riga ruwan toka da baƙin mayafi, na ɗauki takalmina a hannu har sai da na fita bakin ƙofa, don kada ya ji fitata. Kun ga irin rayuwar da nake yi a gidan ubana.

Lauya gajeriyar mace ce mai saurin magana, a shagonmu ta yi tabaranta, a nan muka saba. Kullum da tsokana take tarbata. Ranar ba ta tsokane ni ba. Ta nuna min kujera, ta kashe fankar da ke kaɗa mata takardu, ta zauna.

“Kin tuna abin da na gaya miki tun farko?”

“Kin ce abin da na gada nawa ne.”

“Haka ne. Abin da mutum ya gada ba ya shiga rabo in aure ya mutu. Abin da kuka tara tare shi ake dubawa. Benen da ya ɗora, zai iya neman a ba shi haƙƙin aikinsa, wannan ban damu da shi ba. Amma na tambaye ki abu biyu. Na ce kin taɓa cakuɗa gadon da dukiyarsa, kika ce a'a. Na ce kin taɓa ba shi kyauta, kika ce a'a.”

“Wallahi ban ba shi ba, Anti.”

Ta turo min takarda a kan teburin. Kwafi ce, lauyansa ya aiko. Takardar mallakar gidanmu, ga lambar gidan, ga hatimi. A layin da ya kamata in ga sunana, sunan Mai Wuta ne a rubuce ɓaro-ɓaro. A can ƙasa kuma ga sa hannuna, da ɗan lanƙwason da nake yi a ƙarshe tun ina makaranta.

“Cewa suke yi kin mallaka masa gidan da hankalinki, wata uku bayan biki. In alƙali ya yarda, gidan ya fita daga gado, ya zama nasa. Wannan hannunki ne?”

Hannuna ne. Ranar ce ta dawo min gaba ɗayanta.

Muna amarci a lokacin. Za a fara ginin bene, aka ce sai an sauya takardar gidan daga sunan marigayi zuwa sunan wanda ya gada. Muka tafi ofishin takardun filaye ni da shi. Na sa riga mai ruwan hoda da ya saya min, ina tafiya ina jin kaina. Layi ya yi tsawo, zafi ya ishi kowa, ma'aikacin da ke bayan gilashi ya gaji da mutane, ko kallona bai yi ba. Shi yake tambaya yana cikewa.

“Lambar gida?”

Na faɗa.

“Sunan marigayi?”

Na faɗa.

“Sunan mai gida?”

Ku da kuke jin Hausa, ku gaya min tsakaninku da Allah. Amaryar wata uku, mijinta na tsaye a bayanta tana jin ƙamshin turarensa, aka ce mata sunan maigida, sunan wa za ta faɗa? Ni har wani daɗi na ji. Na sunkuyar da kai don kunya na faɗi sunansa cikakke, har da na mahaifinsa. Ma'aikacin ya rubuta, ya turo takardar ta ƙasan gilashi ya ɗora yatsa a inda zan sa hannu. Ni da nake wuni ina sa mutane karanta ƙananan haruffa, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Na ba Lauya labarin. Ta cire tabaranta ta murza ido.

“Yana wurin?”

“A bayana.”

“Bai ce komai ba?”

“A wurin bai ce ba. Daga baya shi ya fara gano kuskuren, har dariya ya yi min. Ya ce zai koma a gyara. Da takardar ta fito ya kawo ta a ambulan ya ce an gama, ya sa a durowarsa.”

“Kuma ba ki buɗe ba.”

“Mijina ne, Anti.”

Sannan ta ce ranar Alhamis za a zauna, kuma maganata da tasa ce kawai, ga takarda a gefensa. “Ina son wani abu da zai nuna kuskure ne, kuma ya san kuskure ne. Mutum, ko rubutu, ko da wasa aka yi shi. In babu, Tilo, ba zan ɓoye miki ba, ki fara tunanin inda za ki kai mahaifiyarki.”

Ban san yadda na isa shago ba. Wani dattijo ya karanto min layin ƙasa daidai na ce masa ya faɗi, sai da abokiyar aikina ta zungure ni. Da azahar wayata ta yi ƙara. Shi ne.

*Na ji kin je wajen lauyarki da sassafe. Da kin sa takalminki tun daga ɗaki, ƙasa da sanyi.*

Na kifa wayar a kan kanta. Ta sake ƙara.

*Ni ban da niyyar tayar da Umma daga ɗakinta. Uwata ce. Ki janye ƙarar ki hawo sama, shi ke nan. In kin ƙi kuma, ke kika fitar da ita, ba ni ba.*

Kun gani ko? Babu zagi a ciki. In na nuna wa wani sai ya ce kai, wannan bawan Allah yana son matarsa. Haka ya raba ni da ƙawayena ɗaya bayan ɗaya, da murmushi. Haka yake kulle ni a sama ranar hutuna ya ce mantuwa ya yi. Haka ya sa kyamara a bakin matakala ya ce saboda ɓarayi, alhali ba ƙofar waje take kallo ba.

Washegari da na dawo aiki na tarar da takalmin Kawu a ƙofar ɗakin Umma. Yayan Umma ne, in ya zo sai an ba shi kujerar Baba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana juya cokali a kofin shayi.

“Mijinki ya same ni a shago,” in ji shi. “Yaron nan har ƙasa ya durƙusa. Ni ban ga abin da ya yi miki ba, Tilo. Ci ya hana ki ko sha?”

“A'a, Kawu.”

“Duka?”

“A'a.”

“To, mene ne? Mace ta bar ɗakinta ta zo ta takura wa uwarta a gado ɗaya, unguwa duk an sani. Ki koma ɗakinki. Shi ma ya ce min in kin koma duk wata maganar takarda ta mutu.”

Na saci kallon Umma. Tana zaune a bakin gado tana shafa man zafi a gwiwa.

“Wace takarda kuma, Yaya?”

“Ita ta sani,” Kawu ya ce, ya kurɓi shayinsa.

Umma ba ta sake tambaya ba. Da ma ita kullum maganarta ɗaya ce tun da na sauko: ki yi haƙuri, kowace mace da abin da take haɗiyewa. Tana son Mai Wuta. Shi ya sa mata maɓallin fitila a kusa da gado don kada ta riƙa tashi, shi yake kawo mata magani. Ban taɓa iya yi mata bayanin abin da nake tsoro ba, don ni kaina ba ni da sunansa.

Bayan Kawu ya tafi na zauna a kicin ina wanke kofuna, wayata ta yi ƙara. Abokiyar aikina ce ta turo min hoton dattijon nan da sabon tabaransa a karkace, ta jera fuskokin dariya guda uku a ƙasa. Na tsaya ina kallon fuskokin nan, kumfa na ɗiga daga hannuna.

Fuskokin dariya uku.

Ba da baki ya fara gaya min ba. Daga ofishin nan wajen aiki ya wuce, ni kuma na dawo gida. A waya ya rubuto min. Na tuna ina kwance a kan doguwar kujera na karanta, na tuna fuskokin dariyar.

Sai dai ba wannan wayar ba ce. Tsohuwar ce, mai jan murfi. Shekara biyu da suka wuce ɗan Kawu ya turo min gaisuwa, Mai Wuta ya gani, bai ce komai ba. Kwana biyu sai ga sabuwar waya da sabon layi a cikin kwali mai ƙyalli, wai kyauta. Tsohuwar ya jefa ta a durowar gefen gadonsa. Abu ɗaya na sani game da shi, ba ya zubar da duk abin da ke da waya a ciki, ko mataccen ƙwan fitila ne.

Na kira Lauya a bayan gida, ina magana ƙasa-ƙasa. Ta ce in har saƙon yana nan in ɗauki hotonsa da kwanan watan in turo mata nan take, amma kada in shiga in yana gida, kuma kada in tsaya jayayya da shi.

Ranar Laraba ƙarfe takwas saura na ji saukowarsa. Ya tsaya a ƙofarmu kamar kullum.

“Umma, an tashi lafiya? Ya gwiwar?”

“Da sauƙi, ɗan albarka.”

“Yau aikina a can bayan gari yake, sai yamma. Masu ruwa suna bin layinmu suna sauya mita, in sun zo a ce su dawo gobe.” Sannan ya ƙara da cewa, “Tilo, ina kwana.”

Ina bayan ƙofa na dafe bakina. Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace na saki numfashi.

Na tura wa shago saƙo cewa ba ni da lafiya. Sannan na zo na durƙusa a gaban Umma, don makullin sama na biyu yana cikin gwangwanin magungunanta, tun ranar da aka kafa ƙofar ya ba ta ajiya ya manta. Ba zan iya ɗauka ban gaya mata dalili ba. Na gaya mata komai, ofishin, gilashin, tambayar, sunan da na faɗa, abin da zai faru gobe. Ina magana ina kallon ƙafafunta.



“Gidan Malam,” ta ce a hankali. Haka take kiran Baba. “Kika faɗi sunan wani.”

“Umma, ki yafe min.”

“Shi kuma ya ji, ya yi shiru. Shekara huɗu yana shigowa nan yana ce min Umma.”

Ban san wanda take tuhuma ba, ni ko shi. Ta juya fuskarta wajen taga, wajen bishiyar lemon. Ba ta ce ɗauki ba, ba ta ce bari ba. Na miƙa hannu na buɗe gwangwanin, makullin na ƙasan katin maganin hawan jini. Har na fita ba ta waiwayo ba, kuma wannan ya fi min ciwo da a ce ta mare ni.

Na san kyamarar za ta gan ni, na san wayarsa za ta sanar da shi. Na yi lissafi, daga bayan gari zuwa gida ko gudu yake ba zai kasa minti arba'in ba. Na cire mayafina na ɗaure ƙugu da shi, na hau ba takalmi.

Falon yana nan yadda na bar shi, har ya fi tsabta. Labulayena masu ruwan zuma, hoton bikinmu a saman talabijin, silifas ɗina a jere a bakin ƙofar ɗaki kamar yanzu na cire su. Kofin da nake shan shayi da shi yana kan tebur, a wanke, an kife shi a kan faranti a gefen nasa. Mutumin nan jirana yake yi, kuma bai taɓa shakkar zan dawo ba.

Durowar cike take da tarkace, guntayen waya, batura, sukurori a cikin kwalbar man shafawa. Wayar na can ƙarshe. Na danna, ba ta kawo ba. Cajarta irin ta da ce, babu irinta a ƙasa, amma na san inda take. Lokacin da muke shiri ya huda allon gadon ya zuro wayoyin caji ta ciki, ɗaya a gefensa ɗaya a gefena, don kada in riƙa lalube. Ta gefena tana nan tana lilo. Na zauna a bakin gadon da na rantse ba zan sake zama ba, na jona.

Minti ɗaya, baƙi. Minti biyu, baƙi. Wace addu'a ce ban yi ba? In ya goge fa? In ta mutu gaba ɗaya fa? A minti na biyar hoton batir ya fito, ja, siriri. A na bakwai ta kawo. Hoton da ke fuskarta ni da shi ne, ina dariya har da rufe ido. Na ji haushin yarinyar nan, na kuma ji tausayinta.

Na shiga saƙonninmu. Da Maigidana na ajiye sunansa, da jar zuciya a gefe. Na dinga ja sama, yatsana na santsi saboda gumi. Shekara biyu na hira. *Kina ina. Wa ya kira ki. Me ya sa kika daɗe.* Ina ƙara yin sama maganganun suna ƙara taushi, har na iso inda yake ce min 'yar lelensa. Sai ga su, fuskokin dariya uku.

*Tilo yau kin kashe ni da dariya. Mutumin fa mai gidan yake tambaya, wato ke, kika ba shi sunan mijinki. Gidan gadonki ne, ni ina ruwana. Bari gobe in koma su gyara.*

A ƙasa ga amsata.

*Na shiga uku. Don Allah ka gyara kada Umma ta ji.*

*An gama, ranki ya daɗe.*

Hoton farko da na ɗauka ya fito dishi-dishi. Na dafe gwiwar hannuna a kan cinya na sake ɗauka, da kwanan watan, da sunan. Na tura wa Lauya. Ɗan agogon nan ya fito a gefen saƙon yana juyawa. Sama ba ta da sabis sosai, kullum sai an je bakin taga.

Na miƙe ke nan na ji ƙarar babur.

Na kalli agogon bango. Minti goma sha takwas. Babu wani bayan gari. Don ni ya faɗa, da ƙarfi, a ƙofar ɗakin Umma.

Na fizge tsohuwar wayar na cusa ta cikin rigata. Ƙofar waje ta buɗe. Bai tsaya gaida Umma ba. Bai yi gudu ba kuma, a hankali yake hawowa, ina jin kowane taku, makullansa na kaɗawa a ƙugu. Na rasa inda zan sa kaina. Ɗakin ƙofa ɗaya gare shi. Na matsa bakin taga na ɗaga sabuwar wayar a bayana, ina roƙon Allah agogon nan ya daina juyawa.

Ya tsaya a ƙofar ɗakin, da rigar aikinsa mai aljihu da yawa, abin gwada wuta a maƙale a ƙirji. Ya kalli durowar a buɗe, ya kalli wayar cajin tana lilo, ya kalli inda na zauna a kan zanin gadon. Sai ya yi murmushi.

“Sannu da zuwa,” in ji shi. “Da kin gaya min ai da na share.”

Ya sake kallon durowar.

“Me kika ɗauka, Tilo?”

“Kayana.”

“Duk abin da ke gidan nan kayanki ne, in kina cikinsa.” Ya jingina da ƙofar, kafaɗarsa ta cike ta. “Ba ni in gani.”

Wayar ta yi 'yar girgiza a tafin hannuna. Ban isa in duba ba. Ko ta tafi ne, ko ta ce ta kasa, ban sani ba.

Ya zare makullin ɗakin daga jikin ƙofar ya juya shi a yatsunsa. Na san wannan wasan. Na jingina da bango.

Sai aka buga ƙofar waje, da ƙarfi, irin bugun ma'aikata.

“Salamu alaikum. Masu ruwa ne, mita za mu sauya. Ana son mai gida ya sa hannu.”

Mai Wuta ya juya kai wajen matakala, ya buɗe baki zai amsa kamar yadda ya saba shekara huɗu. Wata murya ta riga shi.

“Tana sama.”

Umma ce. Kuma ba daga ɗakinta muryar ta fito ba, daga gindin matakala ne.

“Ku ɗan jira, ɗana, mai gidan tana sama. Tilo, sauko, ke ake nema.”

Murmushin ya bar fuskarsa. Tun da na san shi ban taɓa ganin fuskar ba murmushi ba, ashe haka take. Bai matsa daga ƙofar ba. Ya miƙo min hannu, tafin a buɗe.

“Ba ni wayar,” ya ce, can ƙasa.

Sai na ji ƙwas, sandar Umma a kan siminti. Shiru. Nishi. Sannan ƙwas kuma, kusa da na farko. Matar da sai na riƙe ta take shiga banɗaki. Na fara ƙirgawa ban sani ba. Uku. Huɗu. A na biyar ta daɗe, har na ji tana kiran sunan Allah. Saura goma sha biyu, kuma na san gwiwoyin nan ba za su kai ba, na kuma san ba za ta koma ba.

Na saki bangon. Wallahi tsoron bai tafi ba, yana nan har cikin haƙorana. Na tako har gabansa, kusa da zan iya jin turaren nan na ranar ofis.

“Matsa,” na ce. “Ana kiran mai gida.”